Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Sabis

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya a duk inda ka ɓuya. Daga Sabon Birni nake rubuto maka, kuma a takarda, don na san in na aika ta WhatsApp sai jikokina ne za su ga ranar da ta tafi.

Maganar MiFi ɗin nan ce da ɗana ya aiko mini daga Sakkwato. Ya ce da zarar na kunna ta, za ka cika gida har zaure. Na kunna a ɗaka, sanda ɗaya ta fito, ita ma tana rawar ɗari. Yaran zamani suka ce laifin gininmu ne, wai katangar ƙasa mai kauri tana shanye ka, kwanon rufi kuma yana kora ka inda ka fito. Ban yi musu ba. Na kai ta tagar da ke kallon ƙarfen sabis. Suka ce in bar 5GHz in koma 2.4, shi ya fi ratsa bango. Na koma. Suka ce in taɓa alamar jirgi, in jira, in cire. Ranka ya daɗe, jirgin nan ya tashi ya sauka a wayata fiye da yadda ake yi a filin jirgin Sultan Abubakar III.

Yanzu MiFi ɗin tana cikin leda, ɗaure a reshen dogonyaron tsakar gida. Can kake yarda ka ba mu sanda uku, bayan isha'i. Uwargida kuwa ba ta tura wa kowa kuɗi sai ta taka turmi.

Na kira ofishinku, sai Allah ya haɗa ni da taubashina Bayarabe. Na gama zayyana masa duk wannan, ya ce ko na gwada kashewa in kunna? Na yafe masa, tsakaninmu da su sai Allah.

Sai ɗan'uwanka na Nijar. Mutum na matsawa wajen iyaka zai yi tsalle ya faɗo cikin waya ba sallama, ya lashe kuɗin kati, sai da aka koya mini in riƙa zaɓen layi da hannuna. Amma ba zan zage shi ba. A Satumban 2021, da hukuma ta kulle ka a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, har da mu da Isa, shi ya rufa mana asiri, mutane suka riƙa bin tudu da layin Nijar a aljihu. Ai Gobir ɗaya ce, Alkalawa nan, Tsibiri can.

Na san ciwonka, kada ka ce ban yi adalci ba. Ƙarfen nan da gas yake rayuwa, motar gas kuma hanyar da ka sani take biyowa, wadda direba ba ya hawa sai ya yi addu'a. In janareta ya yi shiru, kai ma ka yi, kuma babu tagar da ke maganin wannan. Sai dai a nan da kai muke tambayar ko hanya lafiya, da ko waɗanda suka tafi cin kasuwa sun iso gida.

Don haka ga roƙona: in ba za ka zauna ba, ka faɗa mana lokutan zuwanka, kamar mai tallan fura. Ka kuma hanzarta da amsa, akuyar gidan ta fara ɗaga kai tana kallon ledar.

Naka mai jira,
Wani Bagobiri a gindin dogonyaro