Wasiƙa Zuwa Ga Ramin Hanyar Bakin Ruwa

Zuwa ga Mai Girma Rami,
Dagacin Tsakiyar Kwalta, Zamfara ta Yamma.
Gaisuwa irin wadda ta dace da mai riƙe da hanya.

Tafiyar shan iska zuwa bakin ruwa, irin wadda magidanci kan shirya wa iyalinsa lokacin hutun makaranta ko bayan Sallah, ƙaramar tafiya ce a wurin wanda bai san ƙasar ba: a fita da hantsi, a ci abinci a inuwa, yara su ga ruwa, a dawo. A ƙasar Talata Mafara, Bakura da Maradun kuwa, shirin ya fi tafiyar tsawo. Abin da ya jawo wannan bayani ya auku ne da safiyar yau, sa'ad da wata ƙaramar mota ɗauke da maigida, uwargida, yara da kular shinkafa ta kai wa Mai Girma gaisuwar da ba ta yi niyya ba. Tayar gaba ta fashe, shokozoba ta saki mai, miya ta bar kula ta koma kan kayan Sallar yara. Ya kamata Mai Girma ya san irin aikin da ya rushe, daki-daki.

Ana fara shiri ne da zaɓen ruwan da za a je. Yaran yanzu sun ga teku a waya, saboda haka teku suke nema. Najeriya tana da gaɓar teku sama da kilomita 800, daga Badagry zuwa wajen Kalaba, kuma Hausawa ba baƙi ba ne a can: suna Agege da Idi-Araba a Legas, suna da zango a Kwatano da Lome da Akara. Sai dai daga Mafara zuwa Legas kusan kilomita dubu ne, ta Mokwa da gadar Jebba da Ilori, kuma babu mai kiran wannan gajeriyar tafiya sai direban tirelar shanu. A 2024 an fara aikin hanyar bakin teku daga Legas zuwa Kalaba, kimanin kilomita 700. A shekarar dai aka ƙaddamar da wata daga Sakkwato zuwa Badagry, kilomita 1,068, wadda za ta ratsa Kebbi, Neja, Kwara, Oyo da Ogun. Zamfara ba ta cikin jerin. A nan maigida mai hankali kan rufe maganar teku, ya ce wa yara: "Ku yi haƙuri, akwai namu."

Namu shi ne tafkin Bakolori. An datse Kogin Sakkwato a nan tsakanin 1974 da 1978, aikin da kamfanin Impresit na Italiya ya yi. Bangon madatsar ya haura kilomita biyar a tsawo, tafkin yana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ya shimfiɗu a kan kadada wajen 8,000, ya miƙa kusan kilomita 19 ta baya. Ga yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan gari ba, wannan teku ne, kuma ba wanda ya isa ya musa masa. An tsara madatsar ta shayar da kadada 23,000 na noman rani a waɗannan ƙananan hukumomi uku, don haka hanyar zuwa kanta abin kallo ce: magudanan ruwa, fadamun shinkafa, albasa, tumatir, rake, ga masunta da kwale-kwalensu, ga tarwaɗa da karfasa a bakin gaɓa. Ruwan da ya tsallake madatsar yakan gangara ya haɗu da Rima kusa da Sakkwato, ya faɗa Kogin Kwara a ƙasar Kebbi, ya bi ta Lokoja har teku. Shi kaɗai ne ɗan yankin nan da ke kai wa teku ziyara ba tare da ya bi ta fadar Mai Girma ba.

Maigidan da ya san tarihi yakan tanadi abin da zai faɗa wa yara in an shimfiɗa tabarma. Ƙarƙashin wannan ruwa akwai gonaki da gidajen dubban mutane da aka tasa. Manoman da aka karɓe wa ƙasa sun yi ta neman diyya, suka tare hanyoyi, har a watan Afrilun 1980, zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka musu. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Ba labarin cin shinkafa ba ne, amma yaron Mafara da ya girma bai ji shi ba an cuce shi. Yau ba a ba da shi ba, domin ba a kai bakin ruwan ba.

Bayan wuri sai lokaci. Ba a fita da asuba, ba a yin yamma. Kafin a tayar da mota ana buga waya ga ɗan'uwa a gaba, a tambaye shi tambayar da kowa ya iya: "Yaya hanya?" In ya ce "Lafiya lau, motoci na wucewa," a fita. In ya ce "To, ku ɗan dakata," an gama magana, a sauke kula a ci a tsakar gida. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 2021 kaɗai, an kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe ta ƙasar Mafara a watan Fabrairu, an shiga kwalejin aikin gona ta Bakura a watan Agusta, an ɗauki ɗalibai sama da 70 a Kaya ta Maradun ranar farko ta Satumba. A wannan wata na Satumba ne aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Tun daga lokacin, uwargida ba ta yarda a yi tafiyar nishaɗi sai ta ji daga baki biyu.

Mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. Shingen bincike yana cin nasa lokacin. Sabis ɗin waya yakan ɗauke daidai inda ake bukatarsa. Duk waɗannan an san su, an sa su a lissafi, an haƙura.

Abin da ba ya shiga lissafi shi ne Mai Girma.

Rami iri-iri ne. Akwai ɗan ƙarami da taya kan haye ba ta ce uffan ba. Akwai mai faɗi marar zurfi da direba kan ratse wa ta gefen gona. Akwai kuma irin Mai Girma, wanda ya zauna daidai bayan kwana, inda ido ba ya riga taya isa, bakinsa kaifi, cikinsa zurfi, ya raba kwalta biyu ya bar wa kowane hannu rabin taya. Samuwarsa ba asiri ba ce. Kwalta takan tsage da zafin bazara, ruwan damina ya shiga tsagar ya jiƙa marmarar da ke ƙasa, manyan motoci masu ɗauke da fiye da ƙima su bi ta kai, ƙasan ta lotsa, saman ya ɓare. In babu magudanar da za ta janye ruwa daga gefen hanya, kowace damina sai ta ƙara masa taku guda. Aikin da bokitin kwalta zai gama a shekarar farko, a ta uku sai an kawo katafila. Mai Girma ya wuce ta uku da daɗewa, direbobin tasha suna kwatance da shi, a ce wa baƙo "in ka wuce ramin nan, sai ka yi hannun dama."

Da rani yana cika da ƙura ya yi kalar hanya. Da damina yana cika da ruwa ya kwanta lumui kamar ƙwaryar fura, ba mai sanin abin da ke ƙasa sai wanda ya tsoma. Yana da fadawa kuma: samarin da kan tsaya da shebur da kwano, su zuba ƙasa cokali biyu in sun hango mota, su ɗaga hannu suna "Allah ya kiyaye hanya, Alhaji." Ba a zarginsu, abinci suke nema. Amma an lura ƙasar da suka zuba da safe ba ta kai azahar, kuma babu ɗayansu da ke fatan a wayi gari an cike wurin da gaske. Mai faci ma ya san inda ya dasa rumfarsa. Ba a gindin kowace bishiya ya zauna ba, ya zauna ne tafiyar minti biyu daga fada, da tsofaffin tayoyi a jere da farashin da ba a tayawa.

An yi ƙoƙarin gano wanda ya naɗa Mai Girma, don a san inda za a kai ƙara. Hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne, na tarayya, na jiha, na ƙaramar hukuma, kuma ramin kirki yakan san yadda zai zauna inda kowane ɗaya zai ce na ɗayan ne. Bakura ta ba jihar nan gwamna, Mafara ta ba da, Maradun ta ba da, a tsakanin 1999 da 2023. Jiniya ta sha wucewa ta nan. Motar jiniya doguwa ce, tayarta mai kauri, wanda ke bayanta ba ya jin komai sai ɗan lilo.

To, rami dai rami ne, kuma girmamawar ta isa haka. A wata ƙasa ɓarnarsa taya ce da kuɗin bakanike. A nan ɓarnarsa tsayuwa ce. Kowane direban Zamfara ya san cewa wurin da mota ke rage gudu dole shi ne wurin da ake jin tsoro, kuma duk dabarar tafiya a wannan yanki, wayar da aka buga, lokacin da aka zaɓa, addu'ar da aka yi a ƙofar gida, an gina ta ne a kan abu ɗaya: kada a tsaya a daji. Sai ga wani banzan huji ya tsayar da mota cike da yara a tsakanin gari da gari, maigida ya durƙusa yana fama da jak, idonsa ɗaya a kan noti ɗaya a kan dawa, uwargida ta tattara yara ta hana su fitowa, tana cewa "Malam, yi sauri don Allah," duk ƙarar babur daga nesa sai gaban kowa ya faɗi. Ƙaramin yaro yana tambaya ko an iso tekun. Wannan ba shan iska ba ne. Kuma ba 'yan bindiga ne suka haƙa shi ba, ba tsadar mai ba ce, ba ƙaddara ba ce ta sauko daga sama. Wuri ne da tifa ɗaya ta tsakuwa da rabin yini za su kashe, aka bar shi shekara da shekaru yana kiwon bakanike.

Saboda haka duk mai shirin kai iyalinsa bakin Bakolori yana sa waɗannan cikin kaya kafin tabarma da buta: safayar taya mai iska, ba wadda aka manta da ita tun bara ba, jak mai aiki, sifana, lambar bakanike, da kuɗin faci daban da kuɗin kifi. Kular miya a ɗaure ta da ɗankwali a ajiye a ƙasa tsakanin ƙafafu, kada a ɗora wa yaro a cinya. A bar motar haya ta shiga gaba, a bi sawunta. Inda direbanta ya karkace, a karkace, ko da ba a ga dalili ba.

Saura dawowa, wadda masu shiri kan manta. Hanyar zuwa ita ce ta komowa, don haka duk ramin da aka tsallake da hantsi yana nan yana jira da la'asar, wannan karon daga ɗaya hannun, ga rana a ido, ga direba ya ƙoshi. Shi ya sa ake naɗe tabarma da an yi sallar azahar, ko da yara suna kuka ba su gaji da ruwa ba, a shiga gari da sauran rana.

Buƙatar da ake gabatarwa ba ta da yawa, tunda an daina sa ran cikewa. Kafin damina ta kankama, a samu mai tsoron Allah ya kafa reshen dalbejiya a tsakiyar ramin, dogo, mai ganye, wanda za a hango tun kafin kwana. In iska ta kayar, a sake kafawa.

Wassalam.
Daga wani magidanci, Talata Mafara.