Ladubban Binciken Yoyon Baƙin Mai a Babbar Mota

Baƙin mai, wato man da ke zagayawa cikin inji yana hana ƙarafa cin junansu yana kuma rage musu zafi, an yi shi ne domin ya zauna a ciki, amma wanda ya lura da baƙaƙen tabo a gefen kwalta wajen shataletalen Gawon Nama a Sakkwato zai gane cewa man yana da nasa ra'ayin game da wannan hukunci. Tirelar da ta ɗauko siminti daga Kalambaina da wadda ta yi lodin albasa daga Goronyo duk sukan bar sa hannunsu a inda suka kwana, kuma da yake injin babbar tirela yakan ci sama da lita 30 na mai, direba yakan daɗe yana zubar da dukiyar maigidansa kafin ya ankara.

Masu fama da wannan matsala sun rabu gida-gida. Gida mafi yawan jama'a shi ne na masu ƙari, waɗanda ke yawo da galan a bayan kujera, suna zubawa ta sama yana fita ta ƙasa, kuma babbar hujjarsu ita ce maganar yaron mota da ke cewa, "Maigida, ai gumi ne kawai take yi." Akwai kuma masu liƙi, waɗanda ba su taɓa ganin tsagar da sabulu ko gam zai kasa rufewa ba, sannan akwai masu gaggawa, da ke yanke hukuncin sauke giya tun kafin su durƙusa su leƙa. Kuskuren dukkansu ɗaya ne, domin sun ɗauka inda man ya ɗiga nan ya fito, alhali mai yana gangarowa ne daga sama, iskar tafiya da ta fanka kuma suna kora shi baya, har ya taru a wurin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ba nan take ba, an danne bodari ta ka.

Ladabi na farko shi ne a tabbatar da wanda ake tuhuma. Ana shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin motar da daddare, a ɗora masa dutse domin awakin unguwa suna da sha'awar bincike irin nasu, da safe kuma a karanta abin da aka rubuta. Man injin gas yana yin baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci saboda toka da hayaƙin ƙonewa da yake kwashewa. Man giya ya fi kauri, yana da warin farar wuta. Man sitiyari sau da yawa ja ne. Shi kuwa gas tsararo ne, kuma warinsa ba ya ɓuya ga kowa. Daga nan a duba geji, wato sandar awon mai, a wuri mai daidai bayan inji ya huta kamar minti 10. Idan aka ga man yana ƙaruwa ba tare da kowa ya ƙara ba, kada a yi murna, domin alama ce ta cewa gas ko ruwan lagireto na kutsawa cikinsa.

Sai wanka, kuma nan ne haƙurin mutane da yawa ke ƙarewa. Ƙurar hunturun Sakkwato takan haɗu da mai ta yi wa inji ɓawo mai kauri, wanda ke nuna cewa an yi yoyo amma yana ɓoye inda aka faro, saboda haka dole a bari inji ya huce, a rufe kayan lantarki da leda, a wanke shi da omo da buroshi, a bar shi ya bushe sarai. Bayan haka a barbaɗa farar hoda a wuraren da ake zargi, ko da mutanen gareji za su tambaya ko bikin wa za a kai motar, a tayar da inji ya yi zafi, sannan a bi shi da tocila tun daga sama. Sabon mai zai zana layi a kan hodar, kuma wuri mafi tsayi da aka samu da danshi shi ne mai laifi.

Wanda aka fi kamawa shi ne gaskit ɗin murfin saman inji, wato robar da ke toshe tsakanin murfin da kan silinda, wadda zafin inji, balle a watan Afrilu lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, yake busarwa har ta tsattsage. Yoyonta yakan bi bayan inji ya sauka daidai mahaɗar inji da giya, sai a ɗora laifin a kan sil ɗin bayan karanshaf, zoben robar da ke kewaye da wutsiyar babban sandan inji, wanda ba a isa gare shi sai an sauke giya da kulochi. An sha biyan kuɗin wannan babban aiki, mota ta dawo tana yoyonta kamar jiya. Filta ma tana da nata wayon, domin tsohuwar robarta kan manne a mazauni a ɗaura sabuwa a kai, roba biyu kuma ba sa riƙe mai; haka nan notin juye mai idan washarsa ta gaji, ko kuma wani mai ƙarfi ya ɗaure shi har ya cinye zaren.

Idan kuwa aka ga sil-sil da yawa sun fara yoyo lokaci guda, to a daina zarginsu. Hayaƙin da ke sulalewa ta gefen fistin idan ringi sun cinye yana taruwa a cikin inji, kuma idan bututun numfashin da aka tanada domin fitarsa ya toshe da ƙura, iskar za ta tura mai ta kowace kafa, har takan ɗaga geji daga mazauninsa. Canza sil ba tare da buɗe wannan bututu ba aikin baban giwa ne.

Yoyo ɗaya ne ba a yi masa wasa ko kaɗan, shi ne na tobo, na'urar da hayaƙin salansa ke juyawa domin ta cusa wa inji iska. Idan sil ɗinta ya mutu, mai yakan bi hanyar iska ya shiga silinda, ana ganin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, kuma da yake injin gas yana iya ƙona baƙin mai, wani lokaci yakan yi ta ƙara gudu ko an zare makulli, ba ya tsayawa sai an toshe masa iska da katako mai faɗi, ba da tafin hannu ba. Saboda haka a kwance babban tiyon iska a leƙa cikinsa. Ɗan maiƙo ba komai ba ne, amma mai kwance yana nufin motar ba ta kama hanyar Illela ba sai an gyara.

Mai binciken da kansa yana bukatar kariya. A sa wa tayoyi waigi, kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, a kuma tuɓe babbar riga kafin a sunkuya kusa da fanka da fanbel, domin ko da yake Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana nan cikin unguwar Gawon Nama, an fi son bakanike ya je can gaida maras lafiya da ƙafarsa. Bayan gyara a sake wanke wurin, a yi tafiyar yini guda da lodi, sannan a shimfiɗa sabon kwali.