Tsohuwar Mota da Ire-iren Iyayen Gidanta

Yawancin motocin da ke zirga-zirga a Kano da Kaduna sun gama aikinsu a Turai ko Amurka kafin su sauka a Kwatano ko Legas. Mota ta ci kilomita 200,000 a can, ta zo nan a yi mata walima a kira ta sabuwa. Abin da ya rage na kwananta kuma yana ga halin wanda ta faɗa hannunsa, kuma zama ɗaya a kan bencin gareji ya isa ka san ire-iren iyayen gidan nata.

Babbansu shi ne Malam Sai-ta-tsaya. A wajensa, muddin an murɗa makulli ta tashi, lafiyarta ƙalau. Ba ya juye, ƙari yake yi: baƙin mai ya yi ƙasa, ya sayi lita ɗaya a bakin titi ya zuba a kan na bara. In bakanike ya ce, "Alhaji, tsohon inji a ƙurar nan tamu, duk kilomita 5,000 ya kamata a juye a canza filta," sai ya ce ai kwanan nan aka yi. Kwanan nan ɗin kuwa tun kafin a cire tallafin fetur a 2023. Haka ya yi da bel ɗin tayimin, wannan robar da ke daidaita motsin fistin da buɗewar bawul. A irin Peugeot 406 ɗinsa, bel na tsinkewa fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su. An gaya masa, ya ce bakanikai ba sa rasa abin faɗa. Ya ƙi sayen bel, ya ƙare da cinikin kan inji a Ƙofar Ruwa, kuma har gobe yana rantsuwa cewa baki ne ya kama motar.

Ƙaninsa Alhaji A-lallaɓa yana zuwa gareji, ya saurari bayani tsaf, har ya gyaɗa kai. Da an faɗi kuɗi sai ya gyara hula: "Yanzu dai a lallaɓa ta, sai ƙarshen wata." Salansa a ɗaure da waya, bamba da igiyar roba, ƙofar baya sai an koya wa fasinja: ɗaga, ka tura da kafaɗa. Duk wannan abin dariya ne. Birkin da sai an taka sau uku kafin ya kama, shi kam ba na dariya ba ne, ga yara a kujerar baya.

Akwai Mai Jarka. Lagireto na yoyo, shi kuma ya yanke shawarar shayar da shi maimakon gyara. In jarka ta ƙare, a sayi fiya wata. Ruwa zalla yana sa tsatsa, tsatsa ta toshe hanyoyin ruwa, inji ya yi zafi, gasket ya ƙone. Ranar da farin hayaki ya turnuƙe ta baya, baƙin mai ya koma kamar shayin da aka cika wa madara, sai ka gan shi a hanyar Zariya, bonet a buɗe, hannu a ƙugu.

Mai Salatif ba shi da dogon labari. Fitilar gargaɗin inji ta kama, ya liƙe ta. Ƙasan mota ya fara ƙwanƙwasa, ya ƙara muryar rediyo.

Ɗan Gayu kuwa kullum motarsa tana wajen wanki, har taya sai an shafa mata mai tana ƙyalli. Duba lambobi huɗun nan na gefen tayar, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, za ka ga ta girmi ɗansa na aji uku.

Wanda bakanikai suka fi tsoro shi ne Injiniyan YouTube. Ya kalli bidiyo da daddare, ya zo da safe yana nuni da ɗan makulli: "A'a Oga, ba haka Bature yake yi ba." Ya kwance rabin inji a gida, ya kawo sauran a buhu.

Kada dai bakanike ya yi dariya da yawa, shi ma yana cikin lissafi. Shi ne wanda in mota ta yi zafi, ya cire tamosta ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye, wai ai don ƙasar sanyi aka yi ta. In ya gama ɗauri noti biyu suka yi saura, ya ce ƙari ne kamfani ya sa. Wani kuma ka kai masa gyaran salansa, ka dawo an yi gaba da indomin ciki, wato abin tace hayakin nan.

Can ƙarshen benci akwai wani dattijo mai Corolla da ɗan littafi a aljihun mota, yana rubuta ranar juye da kilomita, yana hure filtar iska duk hunturu. Tsiya ake yi masa, wai ya mai da mota amarya. Motarsa ce 'yan unguwa ke zuwa aro duk ranar da za a tafi ɗaurin aure Katsina.