Malam, Ƙara Wannan Ma

Da zarar JAMB ta fitar da sunan yaro, mutanen gidansu sun gama yaye shi. Gwaggo ta fara kiransa Dakta, Kawu ya ce Injiniya, mai shayin bakin layi kuwa Barista yake ce masa, ko da Nazarin Ƙasa aka ba shi. Wanda ya sha irin wannan kirari ba ya shiga jami'a da niyyar ɗibar kaɗan. Ranar rajista sai ka gan shi a shagon intanet, tsaye a kan mai kwamfuta, yana dangwala yatsa a allo: "Malam, sa wannan. Sa wancan ma. Wannan na mene ne? To, ƙara shi."

Ƙa'idar NUC, hukumar kula da jami'o'i, ba ta da wuyar ganewa: ɗalibi ya ɗauki yunit 15 zuwa 24 a zango ɗaya. Wato 24 iyaka ce. Amma Jambito, wato sabon ɗalibin nan, yana kallonta yadda direban motar kasuwar ƙauye yake kallon adadin kujeru: daga nan ake fara lodi.

Kodinetan aji zai gaya masa gaskiya: "Yarona, kwasa-kwasan dole ma sun ishe ka, bar na zaɓi tukuna." Sai ya fito yana tunanin hassada ce. Ya nufi gindin bishiya, wurin Siniya, wani bawan Allah da ke shekararsa ta shida a digirin shekara huɗu. "Kai, wannan kwas ɗin A ce kyauta, malamin ma ba ya zuwa." Babu wanda ya taɓa tambayar Siniya abin da yake nema har yau a ajin 'yan shekarar farko, can baya, ya ja hula ya rufe goshi. 'Yan mata nasu tsarin ya fi sauƙi: duk abin da ƙawa ta ɗauka shi za a ɗauka, don a riƙa tafiya tare.

Kafin a yi wata guda, lissafi ya fara kwancewa. Lakcoci biyu sun faɗo a lokaci ɗaya, guda a wannan tsangaya, guda a can ƙarshen makaranta. Ga layin ruwa a hostel tun asuba. A ajin GST, kwas ɗin da kowa yake yi, mutum ya maƙale a taga, lasifika ta mutu, bakin malami kawai yake hangowa yana motsi. Kuma doka ta ce sai ka halarci kashi 75 cikin ɗari kafin ka zauna jarrabawa, abin da ya sa wasu suka ƙware a sa hannu iri biyar. Daga nan sai karatun kwana, da Nescafé da goro da sauro, ana buɗe handawut na takwas alhali na farko ya riga ya tsiyaye daga kai.

Ita kuwa GPA, wato matsakaicin maki, ba ta san kirari ba. A maki 5 ce, B 4, C 3, F kuwa sifiri, amma yunit ɗinta yana nan daram cikin abin da za a raba da shi. Wanda ya ɗauki 18 ya samu B a duka, ya tashi da 4.00. Gwarzonmu mai 24, ya kare 18 da C, ya zubar da 6: 54 a raba gida 24, ya kama 2.25. Sannan kwasa-kwasan da ya faɗi suna jiransa baɗi, su za su fara cin wuri a fom kafin sababbi su samu.

Idan sakamako ya fito, inda aka samu B za ka ji "na ci." Inda aka samu F kuwa, "malamin ne ya kama ni." Da labari ya isa gida, Hajiyarsa ba za ta tambayi yawan yunit ba. Ta riga ta gano cewa baki ne ya kama yaron, kuma ta san ko bakin wace ce. Gobe da sassafe za a aika a karɓo rubutu, a sayo zakaran sadaka.