Darasi na Goma da Mutanensa

A makarantun koyon Japananci na unguwar Takadanobaba a Tokyo, ba a gane halin ɗalibi sai an kai darasi na 10 a littafin Minna no Nihongo, wanda aka fara bugawa a 1998. Nan ake koyar da inda abu yake: ue sama, shita ƙasa, mae gaba, ushiro baya, naka ciki, soto waje. Kalmomin 'yan kaɗan ne, amma su ke tona asirin kowa.

Akwai gwanin hadda. Kyanwa a cikin kwali, kare a ƙarƙashin kujera, littafi a kan tebur, duk zai rattabo su da Japananci ba gargada. To, a sauke shi a tashar jirgin ƙasa ta Shinjuku, mai ƙofofin fita sama da 200, wadda mutum fiye da miliyan 3 ke ratsawa kullum, a ce ya nemo ƙofar gabas. Bayan awa guda za a tarar da shi a koban, 'yar rumfar 'yan sanda, yana sanar da ɓatansa cikin nahawu mai tsabta.

Maƙwabcinsa bai ɗora wa kansa wannan wahala ba. Japanawa suna da koko ga wurin mai magana, soko ga wurin mai sauraro, asoko ga abin da ya yi wa dukansu nisa. Shi ya zaɓi asoko, ya bar wa ɗan yatsa sauran aikin. Banki asoko, banɗaki asoko, wayar da ke aljihunsa ma asoko.

Sai baiwar Allah mai mayar da mutane kaya. A harshen, mutum da dabba ana ce musu imasu, abin da ba ya motsawa da kansa kuwa, har da bishiya, arimasu. Kifi ma yana imasu a cikin ruwa, ya koma arimasu a faranti. Ita kuwa idan aka tambaye ta ina malam, sai ta ce yana arimasu a ofis, ta jera shi da kabad. Da an yi mata gyara sai ta zarce, gobe laimarta ta samu rai.

Wanda ya fi cin lokacin aji shi ne lauya. Ya ji tonari na nufin maƙwabci iri ɗaya, gida da gida ko mutum da mutum, yoko kuma gefe ne kawai, sai ya ɗaga hannu: idan kare ya zauna kusa da akuya fa? Malama ba ta gama amsawa ba ya kawo ƙarar jiragen ƙasa, don wanda ya nufi Tokyo ana ce da shi nobori, mai hawa, ko da gangara yake yi. Ranar da ya buɗe taswirar Kyoto kuwa, darasi ya tashi. Gundumar Sakyo, wato ta hagu, tana gabas, a hannun daman taswira, Ukyo ta dama kuma tana yamma. Dalili shi ne tun da aka kafa birnin a 794 ana lissafi ne daga mazaunin sarki, wanda ke fuskantar kudu. Har yau a adireshin Kyoto, agaru, hawa, na nufin a yi arewa. A gaskiya tambayoyinsa suna da ma'ana, sai dai jarrabawar ƙwarewa a Japananci, JLPT, ta matakin N5 tana tafe a Disamba, kuma babu maki a gardama.

A kujerar baya akwai wanda migi da hidari, wato dama da hagu, suka gagara. An nuna masa dabara: a rubuce, alamar dama (右) tana ɗauke da alamar baki, hannun cin abinci ke nan. Tun daga ranar, kafin ya ba direban tasi amsa sai ya kai loma ta iska bakinsa. Da ƙyar ya haddace cewa a matakalar lantarki ta Tokyo hagu ake tsayawa a bar dama ga masu sauri. Hutu na zuwa ya tafi Osaka, inda dama ake tsayawa, ya kafe a hagu da jakarsa, ma'aikata sun yi layi a bayansa suna ta sumimasen, wato a yi haƙuri.