Kwanta Gora a Bukkar Gona

Wayar uwargida ce ta jawo mini. Wata Alhamis cikin Janairu, hunturu ya kankama har leɓe na tsagewa, ta miƙo mini ita: wani Bature da matarsa a Kanada sun shige ɗan ɗakin katako, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, wuta na ci a murhu, suna kurɓar shayi.

"Ka ga masu son matansu," in ji ta. "Mu kuwa daga kicin sai ɗaki."

Maganar ta soke ni. Na ce ai mu ma muna da namu, bukkar gonata da ke hanyar Rijau, sanyi kuwa Allah ya hore mana kyauta. Har na kawo mata tarihi: an ce garin nan namu da yada zango ya samo suna, ranar da Umaru Nagwamatse ya umarci jama'arsa su kwanta gora. In jikan Shehu Usmanu ya sauka a daji ya kafa masarauta, ni kwana ɗaya zai gagare ni?

Kafin la'asar mun kai yara gidan kakarsu, na ɗaure tabarma da bargo ɗaya a bayan babur, ga filas ɗin shayi, ga kilishi.

Rabona da bukkar tun girbin masara. Awaki sun cinye rabin zanan, ƙyauren kuma wani ya ga ya fi ni bukatarsa. Na shafa aljihu, babu ashana. Sai da na taka har wata ruga na roƙo garwashi a fasasshen kasko, na zuba masa kara da ɗanyen itace. Wuta ta ƙi, hayaƙi ya ce ga ni. Muna tari muna hawaye, toka na sauka a kan sabon mayafinta.

"Maigida, wannan ce dusar ƙanƙarar?"

Ban tanka ba, don a lokacin idona na kan wani ɓera da ke jan kilishin nan da baya da baya, cikin natsuwa, kamar shi ya biya kuɗin.

Can tsakar dare iska ta taso, irin wadda ke shiga ƙashi ba sallama. Ta naɗe bargon ita kaɗai, ni na ƙudundune cikin buhun masara. Sai ga fitilu huɗu sun haske mu. 'Yan banga ne, da bindigogin toka. Ban ga laifinsu ba: a wannan zamani, wuta a gona da dare, ga babur a ɓoye, ga mace a lulluɓe, me za ka zata?

"Wace ce wannan?"

"Iyalina ce, wallahi."

Babbansu ya juya. "Baiwar Allah, kin san shi?"

Ta yi shiru. Shirun nan ya fi sanyin tsawo. Ina jin haƙorana na kaɗawa, ta gyara bargo, ta dube ni sama da ƙasa cikin buhu.

"Mijina dai da na sani mai hankali ne. Wannan kam sai na ƙara dubawa da safe."

Dariyarsu ce ta cece ni. Suka rako mu gidan mai unguwa. Ita aka kai ta ɗakin uwargidansa, da kaskon wuta da katifa, da safe kuma kunun tsamiya da ƙosai. Ni a zaure na kwana, ni da buhuna.

Yanzu tana ba ƙawayenta labarin cewa ta je hutu ta ji daɗi, kuma baɗi za ta koma, amma gidan mai unguwa. Bukkar tana nan hanyar Rijau, duk mai so na ba shi aro. Ya dai tafi da ashana da takardar shaidar aure.