Ranar da Na Kwanta a Ƙarƙashin Buhu Goma Sha Biyu

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na koma mutum mai lissafi. Ni da ko canjin mai shayi ba na ƙirgawa a da, sai ga ni ina tsayawa ciniki da mai lemo a kan naira hamsin. Ina cikin wannan hali na kai 'yar Corolla tawa gareji a yi mata juyen baƙin mai, na ja benci na zuba ido. Wani yaro da ko gemu bai fara ba ya shige ƙarƙashinta, ya kwance noti ɗaya, mai ya tsiyaye, ya mayar, ya fito yana fito. Da aka faɗa mini kuɗin aiki sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi a sakandare, a ce noti ɗaya ya gagare ni?

Da lokacin juye na gaba ya zo, na biya Ƙofar Ruwa na sayo galan mai lita huɗu, da filta, da sifana mai lamba 14. Na kalli bidiyo biyu a YouTube, na farko har ƙarshe, na biyu rabi, don na ga duk magana ɗaya suke maimaitawa. Na zaɓi Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, tunda ba fita sai ƙarfe goma.

"Malam, da ka bari an buɗe hanya ka kai wa masu abin," in ji uwargida.

"Ke dai ba ni tsohuwar roba in tari mai."

Ta miƙo mini ta wanke-wanke, ta ce a dawo mata da ita yadda take.

Ƙofar gidanmu babu siminti, yashi ne da jar ƙasa, ga shi Agusta, an kwana ana ruwa. Baturen cikin bidiyon a kan daɓe yake aikinsa, sumul kamar tsakar masallaci, amma ni hankalina yana kan notin. Na ciro jak ɗin da ya zo da motar, irin mai kama da almakashi, wanda gindinsa bai wuce tafin hannuna ba. Na tura shi inda hannuna ya kai, na shiga murɗawa. Na murɗa, na murɗa, mota ko gezau. Sai autana da ke zaune a gidan gaba ya leƙo ta taga.

"Baba, ƙasan motar yana kumbura!"

Na buɗe ƙofa, na tarar wurin ajiye ƙafa ya taso kamar fanke a cikin mai. Ashe a kan falle ɗaya na kafa jak. Wurin da aka tanada yana can a bakin ƙarfen da ya bi ƙarƙashin ƙofofi, bayan tayar gaba da kuma gaban tayar baya, an ninka ƙarfen wurin, har da 'yan tsaga biyu don alama. Littafin motar ya zana hotonsa ƙarara. Ban taɓa buɗe shi ba, na ɗauka Faransanci ne zalla tunda 'yar Kwatano ce.

Duk wannan a idon Baba Direba, dattijon da ya yi shekara talatin yana jan tirela tsakanin Kano da Legas, yanzu kuma ba shi da aiki sai rediyo da sa ido. Ya taso da sandarsa.

"Malam, sannu da ƙoƙari. Ina waiginka?"

"Na ja hambirki, Baba."

"Hambirki ƙafafun baya kaɗai yake kamawa, naka kuma ina jin kukansa kullum in ka dawo. Sa dutse a waccan tayar ta baya, ta ɗaya gefen."

Na samo wani ɗan dutse kamar curin daddawa na ajiye don a zauna lafiya. Na gyara wa jak zama, mota ta tashi. Na ga in na cire tayar gaba zan fi samun hanyar shiga, sai na kafa wil-sifana. Ina murɗa noti, taya tana bin hannuna tana juyawa, muka yi ta zagaye ni da ita. Baba ya ce ana sassauta noti ne tun taya tana ƙasa. Na sauke, na sassauta, na sake ɗagawa, na cire. Zuwa lokacin gumi ya jiƙa ni sharkaf, kuma ko mai ban taɓa ba.

"Shiga ƙasa za ka yi? A kan wannan?" Ya nuna jak da bakin sanda. "Wannan na canjin taya ne a bakin hanya. Ɗagawa ya iya, Malam, bai iya riƙo ba."

Na yi murmushin masu ilimi, na ce ai na yi tanadi. Na tsallaka kangon da Alhaji maƙwabcina ke ginawa, na aro bulo biyu masu inci shida ba tare da na gaya wa mai su ba. Na kwantar da su ɗaya bisa ɗaya, ramukan suna kallona, don na ga sun fi kyau a haka. Baba ya dubi bulo, ya dube ni, bai ce uffan ba. Ya sa ƙafa ya tura tayar da na cire, ya kwantar da ita a ƙarƙashin ƙofa, ya koma bencinsa. Raina ya ɓaci, don ya rage mini hanyar shiga. Albarkacin furfura na ƙyale.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne ƙarfin bulo a jikin bango yake, ramuka suna kallon sama, kwaɓi ya raba masa nauyi ko'ina. In ka kwantar da shi a gefe ka ɗora masa kaifin ƙarfe a wuri ɗaya, ka kama shi ta inda ba shi da ƙashi. Katako kafin ya karye sai ya yi kuka, ƙarfe sai ya lanƙwasa, shi kuwa bulo ba ya sallama. Balle irin namu da ake nuna wa siminti daga nesa.

Na shimfiɗa kwali, na yi bisimilla, na zura kai. Ban taɓa sanin cikin mota yana da faɗi haka ba. Ina kwance lissafi ya zo mini da kansa: irin wannan motar takan kai kilo 1,200, wato buhun masara goma sha biyu. Na ce wa raina ai ba duka ne a kaina ba, wasu buhunan suna kan sauran tayoyin. Wannan shi ne amfanin da karatuna ya yi mini a ranar.

Noti ya ƙi motsi. Yaron nan ya ɗaure shi kamar mai gaba da ni. Na tokare ƙafa, na ja da iya ƙarfina, na ji motar ta ɗan yi lilo. Na sake ja. Daidai nan tunkiyar maƙwabta, wadda duk unguwa ta san ba ta da kunya, ta ga babu wurin susa da ya fi bamban motata. Abu uku suka faru a tare. Noti ya saki, baƙin mai mai ɗumi ya bi hannun rigata ya sauka a gemuna. Jak ya sunkuya cikin yashi a hankali kamar mai ruku'u. Bulo ya ce ƙas, ya koma gari.

Rim!

Na buɗe ido na ga ƙarfe a saitin hancina, tsakaninmu bai fi yatsa biyu ba. Motar ta zauna daram a kan tayar da Baba ya tura. Ban da haka, Allah ya taimake ni ramamme ne. Ranar ce kaɗai albashin malanta ya yi mini rana. Na yi kalmar shahada, na motsa yatsun ƙafa na ji suna nan, na sake yin ta don kada a samu kuskure. Na yunƙura zan fita, sai na ji farantin birki ya danne gefen rigata a ƙasa.

"Mota ta danne Baba!" Autana ya kwasa a guje.

Salatin uwargida ya isa har bakin titi. Da yake ranar shara ce kowa yana gida, kafin ka ce kwabo layinmu ya cika. Daga inda nake ƙafafu kawai nake gani, kuma na gane wasu silifas ɗin ɗalibaina ne. Samari suka kama mota za su ciccibe ta, wasu biyu suka kama ƙafafuna za su ja.

"Kowa ya saki!" Muryar Baba Direba ce, irin wadda yake yi wa yaran mota. "In ta zame daga kan tayar nan, ku za ku kashe shi. Malam, kana numfashi?"

"Ina yi, Baba."

"To ci gaba, kada ka fasa."

Ya aika aka ɗauko tsohon jak ɗinsa na tirela, mai kama da kwalba, da wani katako mai kauri da ya shimfiɗa a ƙarƙashinsa. Aka danna manyan duwatsu gaba da bayan tayoyin baya. Uwargida ta miƙo almakashi aka yanke rigar. Na fito baƙi wuluk, ido kawai ke haske. Wata tsohuwa ta gan ni ta fashe da kuka, ta ɗauka ƙonewa na yi. Kafin azahar an yi mini waya daga Wudil ana tambayar ƙarfe nawa za a yi jana'iza, kuma ni na ɗauka.

Da yamma bakaniken da nake gudun biya ya iso, yaron nan yana biye da shi ɗauke da matokarai biyu na ƙarfe, masu faɗin gindi da wuya mai haƙora. An rubuta tan 3 a jikinsu, ya ce galibi wannan na su biyun ne a haɗe, kada in ɗauka na kowanne ne. Aka mayar da taya, aka tura motar zuwa daɓen ƙofar Alhaji. Ya sa waigi, ya ɗaga, ya zura matokaran a ƙarƙashin ƙarfe mai ƙwari, ya sauke motar a kansu a hankali. Sannan ya kama ta da hannu biyu ya girgiza kamar mai bin bashi.

"Oga, in za ta faɗi, ta faɗi ina tsaye."

Don in nuna har yanzu da sauran ilimi a kaina, na ce ai jak ɗin Baba ya isa, tunda tirela yake ɗagawa. Ya ce duk girmansa wata 'yar roba ce a ciki take tare mai, ranar da ta gaji sai ya riƙa sauka shiru-shiru ba ka sani ba. Yaron ya nemo notina cikin yashi da maganaɗisu, yana ta cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa.

Na zauna na haɗa kuɗin bugun ƙasan mota, da farantin birki, da riga, da robar wanke-wanke da ta koma faifai. Ya kama kuɗin juye bakwai.

Bayan isha'i aka yi sallama, na leƙa na ga Alhaji ne. Gabana ya faɗi, na fara shirya ban haƙurin bulo. Sai ya miƙo mini goro, ya ce ya je ya ga garin da suka zama, ya sa a mayar wa mai bugawa da lodin gaba ɗaya, Allah ya saka mini da alheri. Har ya juya zai tafi, sai ya waiwayo.

"Malam, an ce sababbin za su iso ranar Juma'a. Ko kana da sarari Asabar?"